Jatau Mai Duba Ido

Jatau mahauci ne, teburinsa na jikin nawa a kasuwar Mubi. Halinsa ɗaya ne ke ba ni haushi: duba ido. Ba ya sayen saniya sai ya ja fatar idonta ya leƙa, in ya ga rawaya ya kaɗe hannu ya wuce. Abin ya bi jikinsa har ya dawo kan mutane. Ka ce masa kanka na ciwo, kafin ka rufe baki yatsansa na fuskarka. Ni kam na zage shi har na gaji.

Da ƙanwarsa Laraba ta haihu a Digil, muka tafi barka tare. A hanya na ja masa kunne kan duba idon nan nasa, don ɗanta na fari ciwon shawara ne ya ɗauke shi tun kafin suna, kowa a gidan a tsorace yake. Ya ce to. Ana miƙa masa jaririyar, sai ga yatsa.

"Yaya, 'yata ba saniya ba ce," in ji Laraba.

"Idon nan rawaya ne," ya ce. "Tashi mu tafi."

Tsofaffin gidan suka ce a sa ta a hantsi, zai wuce. Haka aka yi wa na farin. Jatau ya fita ya taro keke napep.

A asibiti likita ta yi bayani: jinin Laraba irin wanda ba a cika samu ba ne, jikinta kuma ya ɗauki jinin jaririyar a matsayin baƙo, tun tana ciki yake yaƙarsa. Sai an sauya wa yarinyar jini da irin na uwar, in ba haka ba za a rasa ta. Laraba ba ta da ƙarfin bayarwa. Aka gwada dangi, na Jatau kaɗai ya dace.

Nan asirinsa ya tonu. Ƙaton da ke kayar da bijimi, ashe allura yake tsoro. Ya haɗa gumi, ya kira sunan uwarsa, ya ce in riƙe shi, ya kusa karya min yatsu. Amma bai janye hannun ba. Na yi dariya har na ji hawaye, kuma ba duka na dariyar ba ne.

Yarinyar, Anita, yanzu tana zagaye kasuwa tana cin tsiren kawunta kyauta. Ni har gobe ban yarda ya taɓa min fuska ba. Laraba kuwa, duk ranar da ta shigo gari, sai ta ɗora Anita kan benci, ta ce a hankali, "Yaya, duba min idonta."