Agogon da Na Riƙe wa Baba

Ranar Asabar ce, kwana goma sha biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika goma. Da hantsi ina shanyar wanki a saman benenmu na unguwar Mansur, ƙamshin waina yana tasowa daga lungu, sai Baba ya hau da akwatinsa na katako. Wata yana sama, fari fat, ko da yake rana ta ɗaga.

Baba ya yi shekara ashirin yana aiki a jiragen ruwa na Jidda kafin gwiwa ta zaunar da shi. Abin da ya dawo da shi gida a cikin akwatin nan shi ne wata na'ura ta tagulla mai madubai, wadda ake auna tazarar wata da rana da ita. Daga wannan awo yake lissafo lokaci da fensir, kamar yadda matuƙan jirgi na zamanin da suke yi don sanin inda suke a teku. Aikina shi ne riƙe agogon da aka saita da rediyo. In ya ce "Yanzu!" sai in rubuta lokacin in ɓoye. Ya gama lissafi, mu gwada. Da wuya ya kauce da fiye da minti ɗaya, kuma duk unguwa sai ta ji labari.

Umma ta daɗe tana yi masa mitar zuwa asibiti, don ya fara tuntuɓe da bokiti. Amsarsa ɗaya ce: "Halas, shi ke nan, ranar da na kuskure da minti biyar, ku kai ni."

A ranar Asabar ɗin nan ya kuskure da minti shida. Ya ɗago kai yana murmushi, ya ce, "Ya binti, 'yata, nawa?" Na dubi takardata, na dubi fuskarsa, na ce minti ɗaya. Ya yi dariya, ya saya mini askirim. Wata na zagayowa kuskuren ya kai tara, na sake ragewa. Haka na yi ta yi shekara biyu, ina ganin kaina 'ya mai tausayi, har ranar da ya nemi watan a sama ya rasa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da an zo da wuri, in ji shi, da an tsare saura.

Yau wayar hannuna tana yin wannan lissafi kafin in ƙifta ido. Bayan rasuwarsa na zauna a ɗakina na unguwar Kudai na shigar mata da awon da ke littafinsa ɗaya bayan ɗaya, ina fatan in kama shi da kuskuren fensir ko sau ɗaya, ko zuciyata ta sami sauƙi. Ban samu ba. Lissafinsa daidai yake har shafin ƙarshe. Idon ne ke ta neman taimako, ni kuwa na tare ƙofa. Ya rasu yana gaya wa mutane cewa makantar farat ɗaya ta zo masa.