Rigar da Mai Faci Ta Ɗinke a Baje Koli

Shekara talatin da ɗoriya Mai Faci ta yi a ɗan shagonta na ƙarƙashin matattakalar bene, inda in ka miƙe da garaje sai ƙeyarka ta gaisa da siminti. Ba ta ɗinka sabo. Aikinta rufa wa tsofaffin kaya asiri: wandon da ƙusa ta kama, rigar da dutsen guga ya lasa, kwat ɗin ma'aikacin da gwiwar hannu ta leƙo. Daga kalmasar kayan take zaro zare ta saƙe ramin da shi, mai kaya ya juya ya juya bai ga inda aka taɓa ba. Nata rigunan kuwa in sun yage, akwati take jefa su, don na mutane ne a gaba.

Sai Allah ya jarrabe ta da auta mai zane-zane. A ganin uwar, yarinyar shekara huɗu ta yi a jami'a tana koyon ɓarnar fenti, aka kuma ba ta takardar shaida. Ran nan ta ce, "Mama, ki ba ni akwatin nan na tsofaffin rigunanki." Mai Faci ta ɗauka tsumman goge burushi ake nema, ta ba ta har da sa albarka.

Bayan wata uku sai ga katin gayyata: baje kolin auta na farko, wai a kan rayuwar mace da sarƙaƙiyarta. Ƙarfe huɗu za a buɗe. Mai Faci, da ba ta taɓa yarda da cunkoson hanya ba, ƙarfe ɗaya ta iso. Mai gadi ya ji uwar mai zane ce, ya buɗe mata.

Wani farin ɗaki ne da zai ci shagonta ashirin, ba komai a ciki sai rigunanta bakwai rataye a waya, kowace da fitilarta da aka saita daidai kan yagar. Ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Shida daga ciki da sauƙi, ƙuna ce da tsufa. Ta bakwai, shuɗiyar nan da ta tsage daga kafaɗa zuwa ƙirji, ita ce matsalar. Ranar da marigayi mijinta ya ja ta da wuyan riga daga kicin har tsakar falo ta yage. Ta ce wa maƙwabta ƙusar ƙofa ce. Ya rasu ana kiran sa mutumin kirki, kuma ita ta riƙe masa sunan nan shekara ashirin, musamman a gaban auta. Tsoro ya kama ta sosai, kada wani mai ido ya karanta yagar.

Ta jawo kujerar mai gadi ta hau, ta zaro allura daga bakin jakarta.

Tana dab da gamawa shugabar gidan ta shigo, wata mai gilashi kamar faranti. Ta dafe ƙirji. "Kai, wannan shi ne zurfi! Mace tana ɗinke kanta da kanta a gaban duniya!" Ta hau ɗaukar hoto.

"Baiwar Allah, matsa," in ji Mai Faci. "Kin tare min haske."

Ta yanke zare ke nan auta ta shigo. Ta tsaya cak, ta dubi rigar da ta koma lafiya lau kamar yau ta fito daga kanti.

"Mama, me kika yi?"

"Aikina. Ke ba ki da kunya, 'yar mai faci guda ki tara mutane kallon tsumma? Wannan ma ƙusar ƙofar kicin ce ta kama ta. Mene ne abin nunawa a ƙusa?"

Auta ba ta ɗaga murya ba. "Mama, kicin ɗinmu ba shi da ƙofa, labule ne. Ina bayansa ranar. Shekarata shida."

Mai gilashi ta sauke wayarta. Mai Faci ta sauko a hankali ta zauna a kujerar. Ashe duk shekarun nan da take yabon mutumin a gaban yarinyar, yarinyar tausayinta take ji, ta bar ta tana yi. Wannan ya fi yagar ciwo.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ke nake jira."

Aka buɗe ƙofa, baƙi suka fara shigowa da ƙamshin turare da fuskokin masu fahimta. Wata mata ta karanta ɗan katin da ke ƙasan shuɗiyar riga, ta ɗaga kai ta leƙa, ta zagaya bayanta.

"An rubuta yaga," ta ce. "To ina yagar?"

Auta ta buɗe baki, uwar ta ɗaga mata hannu. Ta ɗora yatsa a kafaɗarta, ta ja shi zuwa ƙirji.

"Daga nan zuwa nan," ta ce. "Kuma ba ƙusa ba ce."