Ta Bayan Danga

Cikin duk kwanakin da na yi a aikin nan, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba, ita ce ranar da na je Kalgo neman aikin tuƙa motar asibiti. Ku sababbin direbobi kun sha tambayata dalilin zannuwan nan biyu da ke ninke a bayan kujerata, har wani mai bakin tsiya cikinku ya ce ko tallarsu nake yi. To, ku gyara zama, don da su aka ɗauke ni aiki.

A lokacin shekarata arba'in da huɗu, ina jan motar haya tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi. Sai na ji a rediyo cewa wata ƙungiya mai kula da mata masu juna biyu ta kawo motoci, tana neman direbobin da za su riƙa ɗauko mata daga ƙauyukan Gwandu da Kalgo idan naƙuda ta yi tsanani. Sharaɗi biyu suka gindaya: kada mutum ya haura shekara talatin da biyar, kuma ya zo da takardar gama sakandare. Na farko na wuce shi da shekara tara. Sakandare kuwa iyakacina bakin ƙofarta, in na sauke ɗalibai. Matata ta ce, "Umaru, wahalar banza za ka yi." Na ce mata ko korata za su yi, sai sun ji abin da ke bakina.

Ranar wata Talata ce cikin damina. Tsarin nasu mataki uku ne: a duba takardu, a gwada tuƙi, sannan a shiga gaban kwamiti a amsa tambayoyi. A matakin farko akawu ya juya lasisina gaba da baya, ya ce ban cancanta ba. Na ce na ji, amma ya taimaka ya sa sunana can ƙarshen takarda, in rana ta faɗi ba a kai kaina ba, ba laifinsa. Ina jin don ya rabu da ni ya rubuta.

Gwajin tuƙi bai ba ni wuya ba. An jera ganguna a fili mai laka, aka ce a shiga tsakaninsu da baya. Samari da yawa sun kwantar da ganga, ni kuwa wanda ya shekara ashirin yana fita tasha da baya ranar kasuwa ba ganga ce za ta ba shi kunya ba. Bayan nan muka zauna a benci muna jiran kira, taga a buɗe, muna jin amsoshin na ciki. Kowa gudu yake tallatawa. Wani har ya ce shi in ya kunna jiniya ko akuya ba ta isa ta tsaya masa a hanya ba. Ni kuwa na san inda irin wannan maganar take kai mutum.

Sai bayan la'asar aka kira ni. Mutum uku ne a teburin: Alhaji Bello, jami'in ɗaukar ma'aikata, da Malam Garba, shugaban direbobi, da Sista Rifkatu, babbar ungozoma, mutuniyar Zuru. Alhaji Bello ya gaji, ya kuma nuna ya gaji.

Ya ce, "Malam Umaru, shekaru sun wuce, takarda babu. Mi yas sa za mu bar yaran ga masu takardu mu ɗauke ka?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, su sun iya kai mota ƙofar gida da sauri. Ni na san yadda za a yi mace ta hito daga cikin gidan ta shiga motar."

Sista Rifkatu ta aje biro ta ce, "Yi mana bayani."

A nan na faɗi abin da ban taɓa faɗa gaban baƙi ba. Ina da ƙanwa, Kulu. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, ƙanen mahaifinmu, Bappa Tukur, shi ya riƙe mu a Malisa. Da Kulu ta samu cikin fari ta dawo gidansa goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ranar da naƙuda ta kama ta, sai da ta wuni tana ɓoyewa, don a wajenmu mai haihuwar fari ba ta nuna ciwo. Da abin ya fi ƙarfin tsofaffin gidan aka aiko mini. Na nemo motar asibiti, na hau mashin ina gaba tana biye, ni da bakina na ce wa direban ya saki jiniya kada ya kashe. Muka shiga gari bayan la'asar, lokacin da maza ke zaune a ƙofofin gidaje, muka ci burki daidai ƙofar zaure.

Kafin in sauka daga mashin, unguwa ta cika. Wasu na salati, sun ɗauka gawa aka kawo. Kulu ta leƙo ta hangi maza maƙil, jikinta kuma duk ya ɓaci, ta koma ɗaki ta ce ita ba za ta keta su a haka ba. Bappa ya ce a dakata mutane su watse. Na yi faɗa, na yi kuka, na gaya masa maganar da ɗa bai kamata ya gaya wa uba ba. Mutane kuwa da suka ji hayaniya sai suka ƙaru. Sai da aka kira magariba suka tafi masallaci, sannan Kulu ta fito. Ba mu kai Kambaza ba ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Na ce musu na shekara biyar ina ɗora wa Bappa laifin, gaisuwar Sallah kawai ke haɗa mu. Daga baya na zauna na yi wa kaina hisabi. Bappa bai tara mutanen nan ba, Kulu ba ta tara su ba. Ni na tara su.

Sista Rifkatu ba ta raga mini ba. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Amma Malam Umaru, jini ba ya jiran kowa. In ka tsaya bin kunyar mutane, ba lokaci kake ɓatawa ba?"

Na ce, "Sista, gudun da munka yi ran nan ko minti goma bai rage muna ba. Jiniya ta ci muna awa biyu."

Sannan na zayyana musu yadda zan yi. A kan titi zan yi gudu, in kunna jiniya yadda doka ta ce. Da na hango gari zan kashe ta. Tun ina hanya zan nemi a haɗa ni a waya da tsohuwar gidan, ba maigida kaɗai ba, in tambaye ta ta ina za a ɗage danga ko a buɗe ƙofar dabbobi. In zagaya ta bayan gida, in juya motar bayanta ya kalli dangar. Na buɗe jakata, wadda kowa ya ɗauka takardu ne a ciki, na fito da zane biyu na aza a teburin. Na ce wasu mata biyu za su riƙe su hagu da dama daga danga zuwa ƙofar mota, mai naƙuda ta wuce ta tsakiya, ni kuwa in juya baya har a ce mini an shiga.

Malam Garba ya taɓa ɗaya ya ce, "Wanga ai ba sabo ba na."

Na ce, "Na Kulu na."

Alhaji Bello ya yi gyaran murya ya ce sharaɗi sharaɗi ne, ba shi ya rubuta ba. Sista Rifkatu ta ce, "Alhaji, ni nake karɓar matan nan in sun iso. Na gaji da karɓar waɗanda aka kawo da gudu bayan an makara." Suka ce in fita. Da aka sake kirana, Alhaji Bello ya ce za su rubuta sama a nemi a ɗauke mini sharaɗin, kafin nan wata uku na gwaji, in aka samu kuskure ko ɗaya in kama gabana. Na ce ko wata ɗaya suka ba ni na gode.

Aka ba ni yankin Gwandu. Na yi Dalijan, na yi Kambaza, na yi ƙauyukan da ko mashin sai ya yi tunani. Ba kullum abin ke tafiya yadda na tsara ba. Akwai gidan da bayansa gonar gero ce da ta sha ruwa, motar ta kafe, sai da mazan da nake gudun tarawa suka zo suka tura ni. Amma matan suna fitowa, kuma suna fitowa da wuri.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutanenmu ba ƙin asibiti suke yi ba, idon jama'a suke gudu, kuma ba a gardama da mace tana kan gwiwa. Direban da ya iya gudu kawai rabin aikin ya iya.

Saura mako biyu gwajina ya cika, wata Alhamis da hantsi, wayata ta yi ƙara. Lambar da na sani ce, wadda ta shekara biyar ba ta kira ni ba. Bappa Tukur ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce autarsa Nana ce, tun asuba take fama da naƙuda. Na ce ga ni nan. Na ɗauka ya kashe, sai na ji numfashinsa.

Ya ce, "Umaru, ka biyo ta baya. Na riga na ɗage dangar da hannuna."