Fuskar Baba a Cikin Laya

Ban san fuskar mahaifina ba. Ya dawo daga yaƙin Turawa da tari a ƙirji, ya sauka nan Yamai, ya auri Inna, ina goye Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya bar mini laya ce guda, ta jar fata, faɗinta kamar tafin hannu.

Inna ta ce a aljihun kakinsa ta tsinci takardar da ke cikin layar, a ninke, da rubutu a bayanta. Malamin unguwa ya duba ya ce ba Larabci ba ne, amma daga dama yake tafiya, to na manya ne, kada a warware. Inna ta ce lalle wannan ce ta fiddo shi daga wutar yaƙi. Ta kai wa baduku ya ɗinke, ta rataya mini.

Sai da na yi aure na haihu, wani tsohon soja, Bazabarme na Tondibiya, abokin Baba, ya zo barka. Ya ga layar a wuyan jariri, ya ji labarinta, ya yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, ubanki ne kuka ɗinke a ciki."

Ya ce a rundunarsu akwai wani Bayahude, siriri, mai ɗaukar waɗanda aka harba. Ranar da aka raba naman alade na gwangwani, Baba ya koma gefe da busasshen burodinsa, sai ya tarar da Bayahuden nan can shi ma da nasa. Ba mai jin yaren wani. Suka dubi juna, suka ci. Mutumin kuwa mai zane ne. Sojan da bai iya wasiƙa ba, ya zana masa fuskarsa a aika gida, a san yana da rai.

Na ce, "Baba, Bayahude kuma a soja?" Ni dai a labarin Annabi Musa kaɗai na san su.

Ya ce, "Danginsa ake karkashewa a can. Ya fi mu dalili."

"Ya koma gida?"

Ya buɗe hannuwa.

Na so in farke layar a ranar. Inna ta ce, "Farke. In wani abu ya sami yaron nan, ke kika sani." Na bari. Ƴaƴana duka suka rataya ta, suka girma, Inna ta rasu, ni kuma tsoron bai rasu ba.

Bara likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini gani. Na kira jikata, mai karatu a jami'a can Lamorde.

Ta ce, "Tsohuwa, kin shekara saba'in kina yawo da ubanki a wuya, ko gaisawa ba ku yi ba?"

Na ce, "Ke dai tsayar mana da taksi, marar kunya."

Baduku ya juya layar ya ce, "Hajiya, mu ɗinkewa muka gada." Amma ya ɗauki aska, ya bi zaren ɗaya ɗaya. Ni kuwa ina ta salati.

Takardar ta yi laushi kamar tsumma, ninkin ya cinye bakin Baba. Idanu suna nan. Kunnuwa a tsaye, sak na ɗana na fari. Na matso da ita har hancina, na ƙirga zanen Gobir a kumatu: shida nan, bakwai nan. Bai rage ko ɗaya ba. Ashe mutumin zama ya yi ya ƙirga.

Jikata ta ɗauki hoton rubutun da wayarta, ta ce za ta nemi mai karantawa a makarantarsu. Na ce ta tambayo mini ko addu'a ce, ko sunan mai zanen ne kawai, don in san wanda zan riƙa ambata. Har yau ba ta samo ba.

Kullum da hantsi nakan fito bakin ƙofa inda haske ya fi, in buɗe takardar a cinyata, in duba tun idon yana gani.