Zangon da Jaki Ya Zaɓa

A shekarar da auduga ta yi kyau a ƙasarmu, tun Turawa suna nan, wani falke mai goro ya tsaya a ƙauyenmu na kusa da Wagini ya kawo wa Inna saƙo. Inna ita ce mahaifiyata. Saƙon daga yayanta yake, wanda ya tafi Funtuwa tun yana saurayi, lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ya yi aure can ya zauna. Ya ce a gaya mata ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara ƙi, shi kam ba zai iya zuwa ba. In tana son su sake ganin juna, ta zo ta yi Babbar Salla a gidansa, don bai san ko zai ga ta baɗi ba.

Inna ba ta ce mini komai ba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai abin ya zama dole. Washegari dai na ji ana dakan gumba a gida, matata ta leƙo ta ce, "An ce a gaya maka a nemo jaki." Da jin haka na san tafiya ta tabbata.

A lokacin babu mota a wajenmu. Sai mutum ya taka har Dutsin-Ma, inda babbar mota ke zuwa ran kasuwa ta kwashi kaya da mutane zuwa Funtuwa. Kasuwa ɗaya ce ta rage kafin Salla. In muka rasa motar ranar, Inna ta rasa Sallar ke nan. Tsohuwa kuma ba za ta iya kai Dutsin-Ma a wuni ɗaya ba, dole mu kwana a hanya. To, a ina?

Wannan tambaya na kai kasuwar Batsari, wurin wani abokina mahauci, wanda ya san hanyoyin nan saboda sayen dabbobi. Yana saran ƙashi yana ba ni amsa.

"Batsari ta yi kusa, ba ku rage komai ba. Runka ita ce daidai. Ga ruwa, ga ciyawar jaki, ga gidan goggonka."

Na ce, "Gidan Goggo shi ne abin da nake gudu."

Ya ajiye wuƙa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Kowa a ƙasarmu ya san Goggo, ƙanwar marigayi mahaifina. Ba ta da rowa, ba ta da faɗa, illarta ɗaya: baƙo ba ya fita gidanta ranar da ya yi niyya. Takan ɓoye takalmin mutum, ko sandarsa, ko akumarin jakinsa. Mahaucin ya rantse wai akwai wanda ya shiga gaishe ta lokacin shuka, bai fito ba sai da gero ya yi kai.

"To ka zarce Safana," in ji shi. "Wa ka sani a Safana?"

"Ba kowa."

"Madalla. Garin da ba ka san kowa ba, nan ne masauki. Ka sauka a zauren mai unguwa, a ba ka tabarma da tuwo, da asuba ka yi godiya ka kama hanya, ba wanda zai rungume maka ƙafa. Amma kada ka ratsa ta cikin Runka. In Goggo ta ji kun wuce ta ƙofarta ba ku tsaya ba, har kabari za ta bi ka da maganar. Akwai burtali ta bayan gari, shi za ku bi."

Na dawo gida ina jin kaina mai dabara. Jakina yana fama da ciwon baya, sai na ari na maƙwabcina, wani gajere mai ƙarfi da ya sayo a Batsari bara. Na duba ƙafafunsa, na duba haƙoransa. Abu ɗaya ne ban tambaya ba, ban kuwa san ana tambayarsa ba.

Muka fita bayan sallar asuba, Inna a kan jaki, ni a baya da ƙunshin kaya a ka. Ni ma ina da tawa murnar a ciki, don ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, na kuma riga na cika baki a majalisa cewa zan dawo da labarinsa. Tafiya da Inna tana da daɗi ta wata hanya. Tun da ba ta yi mini magana, jakin take yi wa. In tana jin ƙishirwa sai ta ce, "Kai jaki, mu dai ba a ba mu ruwa a tafiyar nan ko?" Sai in miƙa mata buta. In na yi sauri ta ce, "Jaki, bi a hankali, ba mu muka yi sata ba." Da na gaya wa jakin cewa a Safana za mu kwana, ta bayan Runka kuma za mu bi, sai ta ce, "Jaki, Allah ya rufa mana asiri."

Bayan azahar muka hango rumbunan Runka. Na karkata mu cikin burtali. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, saura ido. Mun yi nisa a bayan gari, har na fara hamdala, sai jakin ya tsaya cak. Ya miƙe kunnuwa. Ya shaƙi iska, ya buɗe baki ya yi wani kuka da duk garin sai da ya ji. Kafin in kai hannu ga igiya, ya juya ya faɗa wata 'yar hanya tsakanin gonaki, yana sassarfa.

Inna ta rungume wuyansa tana salati. Ni kuwa na bi su da gudu, kaya a ka, ina kiran jakin da duk sunan da ya zo bakina. Ya ratsa wani kwararo, ya kauce wa wata rijiya, ya sha kwana ba tare da ya yi shakka ba, kamar mai zuwa masallacin unguwarsu. Bai tsaya ba sai a ƙofar wani zaure da na sani sarai.

Goggo ta fito da ƙwarya a hannu. Ta dubi jakin, ta dubi wadda ke kansa.

"La'ilaha illallahu! Malam, fito ka gani! Jakinmu ne ya dawo, har da tsaraba. Matarmu ya ɗauko mana!"

Ashe a gidan aka haife shi. Mijin Goggo ne ya kai shi Batsari ya sayar bara.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da yara ɗaya bayan ɗaya. Goggo tana gaisuwa tana cire ƙarangiya daga gefen zanin Inna.

"Matarmu, yaushe hanyar Wagini ta koma ta bayan gari?"

Inna ta ce, "Tambayi mai jan ragamar."

Goggo ta juyo kaina. "Ɗan yaya, ina za ku?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na faɗi komai, har da motar gobe. Ta saurara tana kaɗa kai kamar ta yarda. Kafin in gama alwala an yanka kaza, da na koma wurin jaki kuwa, akumari ya ɓace.

"Ba inda za ku sai an ci naman Salla," in ji ta.

Na ce, "Goggo, motar ba ta jiran mutum."

"Da bakin da na ɗura wa koko kake gaya mini mota? Zauna ka ci abinci."

Na koma zaure wurin mijinta, ko zai sa baki. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ɗana, ni ma shekara da shekaru nake neman hanyar fita, ban samu ba." Ya yi dariya, ya miƙo mini goro. A nan na lura tsufa ya cinye ƙarfinsa. Na dubi gidan da kyau. Da can cike yake da hayaniya. Yanzu ɗakunan samari a rufe, 'ya'yansu maza sun tafi haƙar kuza Jos, matan suna gidajen aurensu. Shi ya sa ma aka sayar da jakin, ba mai yanko masa ciyawa. Ga rago a ɗaure a turke, ƙato, ba wanda zai kayar da shi balle ya feɗe.

Inna ta riga ni gani. Bayan la'asar ina tsakar gida ina ba jaki dusa, su biyu suna tsince wake a kan tabarma, sai na ji muryar Inna ta sauya.

"Ke da naki yayan ya kwanta ciwo, kina kusa da shi har ya cika. Kin ga fuskarsa, kun yafi juna. Ni nawa yana can, rabona da shi tun ina goyon wannan." Ta nuna ni da baki. "In na kwana biyu a nan, wataƙila ba zan same shi ba."

Goggo ta ci gaba da tsintar wake, tana jefar da masu kyau tare da tsakuwa. Can ta ce, a hankali, "Bara mu biyu muka yi Salla a gidan nan. Sai da muka roƙi maƙwabta suka yi mana fiɗa."

"To ki riƙe wannan, ki sake ni," in ji Inna. "Ya iya fiɗa, ba ya da surutu, ci kaɗan gare shi."

"Ci kaɗan? Na ga abin da ya yi wa kazata!"

Suka fashe da dariya, Goggo tana share ido da bakin mayafi. Ni dai ina tsaye da ƙwaryar dusa, ana cinikina a gabana, ba wanda ya tambaye ni. Jirgin ƙasa ya zo mini a rai, na ji ba daɗi. Amma na dubi tsofaffin nan biyu, na ga babu wata magana da ta rage.

Na ce wa jakin, "To wa zai raka ta Funtuwa?"

Goggo ce ta amsa. Akwai maƙwabciyarta mai sayar da daddawa, ita da mijinta za su bi motar gobe, kuma sun san unguwar ma'aikatan jirgi. Kafin magariba ta je ta dawo, magana ta ƙare.

Da asuba akumari ya fito daga cikin rumbun gero. Goggo ta cika wa Inna ƙunshi da dakuwa da sauran kazar jiya, ta kuma sa na rantse zan dawo a ranar. Sai da na ja jakin da ƙarfi kafin ya yarda ya bar ƙofar.

Da hantsi muka ratsa Safana. Na hango zauren mai unguwa, an share gabansa tas, ga inuwar bishiyar bedi. Inna ta ce, "Jaki, ka ga masaukin masu dabara." Mai daddawa da mijinta suka yi ta dariya, don labarin ya riga ya zaga Runka.

Mun sami motar a bakin kasuwar Dutsin-Ma ana ɗora mata buhuna. Inna ba ta taɓa shiga mota ba. Ta zagaya ta sau ɗaya tana kallon ƙafafunta, ta yi bisimilla, muka ɗaga ta ni da mijin mai daddawa, ta zauna a kan buhun gyaɗa ta miƙe ƙafa kamar a ɗakinta. Da direba ya tayar da inji, ta leƙo ta dube ni, ni kaina, ta ce, "Koma, kada ka sa ta jira. Allah ya yi maka albarka." Na tsaya har motar ta ɓace.

Sallar Runka ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kayar da rago, dattijo ya ɗora hannunsa a kan wuƙa, na riƙe masa ya yanka. Na yi fiɗa, Goggo na tsaye a kaina tana gyara mini abin da na iya tun ina yaro. Na gyara musu danga, na yaɓe rumbu, na ci nama har na gaji.

Da kasuwa ta zagayo karo na biyu na je na taro Inna. Ta sauko da ƙullin soyayyen nama da sabon zane. A zauren Goggo ta ba da labari, ni ina gefe ina ji. Ta ce ran jajibere suka isa gidan. Yayanta yana zaune a ƙofa, bai gane fuskarta ba, amma tana yin sallama ya ce, "Wannan muryar mai fasa tulun Innarmu ce." Ta ce masa shi ya fasa, ita aka doka. Suka yi ta musu a kan tulun nan har aka kira salla, jikokinsa suna kallon su baki buɗe.

Goggo ta ce, "To a ƙarshe wa ya fasa?"

"Ran da zan taho ya amsa shi ne," in ji Inna. "Na ce na yafe."

Da farkon damina saƙo ya zo cewa yayan Inna ya rasu. Inna ta yi kuka, ta yi masa addu'a, sannan ta ce a dafa tuwon sadaka da yawa, a kira maƙwabta.