Belin Ƙanwata Mai Kai Biyu

Har yau in na ji warin kunun kanwa sai in bar wurin. Kada ka ce iyayi ne, tsaya ka ji dalili.

A ƙauyenmu, can gefen Karofane, ina da ƙanwa wadda tun da ta fara magana ta hanci take yi. In ta sha fura da sauri, sai ta biyo mata ta hanci. Amma ga surutu kamar me! A bakin rijiya, a wajen sussuka, ita ce da baki. Yara na kwaikwayonta, ni ma na yi, Allah ya yafe mini, ita kuwa ko a jikinta.

Shekarar fari aka haife ta, muna gudun yunwa, ba a samu cire mata beli ba kamar kowane jariri, wato ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. Da aka sa ta lakkwal, wato makarantar boko, malaminsu ya aiko cewa ba ya gane karatunta. Kakarmu ta zaunar da ita a rana, ta danne mata harshe da cokali, ta leƙa, ta ce ga ciwon nan, belin kai biyu gare shi. Inna ta roƙa a kai ta likita a garin Buza tukuna. Kaka ta ce yaushe aka fara kai beli likita. Baba bai hana ba, kuma wannan har gobe yana ba ni haushi.

Bayan an yanke hatsi wanzami ya zo da zabirarsa. A gabana ya goge ƙarfen da gefen riga. Mata biyu suka danne ta. Ya ce tunda kai biyu ne sai ya shiga ciki sosai, kada ya tsiro. Da ya yanke, aka ɗora belin a sakaina ana zagayawa da shi, ana sa wa mutumin albarka. Tir! Sannan aka ɗura mata kunun kanwa da zafinsa, yana dawowa ta hanci haɗe da jini.

Ciwon ya warke, muryar kuwa ta ida lalacewa. Kaka ta ce an yi mata magani, ita ce dai ba ta so ta gyara bakinta. Ƙanwata ta bar lakkwal, ta bar surutu, mutane suka ce ta yi hankali.

Bara jikata ta taso da irin wannan magana, na kai ta Yamai, ƙanwata ta raka ni. Wata ma'aikaciya mai gyaran murya ta kara wa yarinyar madubi a ƙarƙashin hanci, ta sa ta magana, madubin ya yi gumi. Ma'aikaciyar ta ce beli mai kai biyu irin na yarinyar alama ce kawai, ganɗar ce ba ta haɗe ba, iska na zurarewa ta sama, in an yanke kuwa ɗan abin da ke tarewa aka cire. Aka yi wa yarinyar aiki, aka yi watanni ana koya mata fitar da iska ta baki. Yau in ta kira ka daga zaure za ka ji ta sarai.

Ranar da muka ji bayanin nan, ƙanwata da furfurarta ta biyo ni har tasha. Sai da muka zauna a mota ta taɓa ni.

"Yaya," ta ce, "ashe ba ni ce na kasa ba."