Mushen da Ke Bin Kogi a Ƙafa

Balki mai tuyar kifi a bakin kogi a unguwar Saga ta kasa ɗauke ido daga mutumin da ke fitowa daga gonakin shinkafa. Dogo ne siriri, da furfura a gemu, laka har gwiwa, ga jaka a goye kamar jariri. A bana, da ake raɗe-raɗin masu bindiga na tsallako iyaka a ƙafa, ba mai son ganin irin wannan jaka.

Jandarman da ke cin kifi a bencinta ya miƙe.

"Kai, daga ina?"

"Daga Yantala, ranka ya daɗe. Mushen lakwal ne ni, malamin makaranta. Hutu muka samu, nake bin kogi."

"Wurin wa za ka?"

"Ba kowa. Kallo kawai."

Balki ta juya kifin da ke kasko, tana tunani. Wa ke tafiya ba biki ba ta'aziyya? Wataƙila halin Nasara ya koyo, wataƙila kuma matarsa ce ta rasu, gida ya yi masa faɗi. Da ma ya ambaci wani kawu da zai je wurinsa, ko da ƙarya ne.

Jandarma ya zazzage jakar a ƙasa: burodi, gorar ruwa, dardumar salla. Ya tura su da ƙafa.

"Kwashe ka koma gida."

Mutumin ya tattara kayansa. Sai da jandarma ya yi nisa sannan mutumin ya matso wurin Balki, ya rage murya.

"Inna, hanyar gaba, ruwa ya cinye ta ko ana wucewa?"